Kuɗin Tasha

An yi zamanin da mutum zai shiga jirgin ƙasa a Zariya ya sauka a Jos, bai bi ta Kaduna ba, bai bi ta Kafancan ba. Ƙaramin jirgi ne a kan siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, alhali babban dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa uku da rabi. Turawa suka laƙaba masa sunan Bauchi, don a lokacin tsaunukan Jos a lardin Bauchi suke, amma har ya mutu bai taka garin Bauchi ba. An fara shimfiɗa shi daga Zariya a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni ya isa Jos da Bukur a 1914. Tsawonsa mil 143, ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre.

Kuza ce ta jawo shi. Kafin zuwansa, a ka ake ɗaukar kuza daga tsaunuka, 'yan alaro su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, sannan a zuba ta a jirgin ruwa. Kamfanonin haƙar kuza suka ga wannan ba za ta fisshe su ba, suka matsa wa gwamnati. Ba don manomin Soba aka yi dogon ba, ba don masaƙin Kudaru ba. Garuruwan da ke tsakani sun samu tasha ne kawai saboda suna kan hanya, kuma kan jirgi ba ya tafiya mai nisa sai ya sha ruwa.

A ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan tashoshi aka yi abin da zan ba da labari. Ba zan kama sunan garin ba, domin jikokin masu labarin suna nan da ransu, wasunsu ma da manyan riguna.

Tashar ba wata babba ba ce. Ofishin akawu ɗaki ɗaya, sito ɗaya mai rufin kwano, sikeli a bakin ƙofa, tanki a kan ƙafafun ƙarfe, sai rijiyar da reluwe ta haƙa ta ɗaure bakinta da dutse da siminti, ta sa mata marfin ƙarfe. Rijiyar ba ta ƙafewa ko da bazara ta kai bazara. Da an jiyo usur daga bayan kurmi, gari sai ya tashi tsaye. Mata su fito da ƙwaryar fura da farantin ƙosai, yara da rake da dafaffen rogo, kowa na ɗaga nasa sama zuwa tagogin taragu. Mai zuba wa jirgi kwal ya sauko fuskarsa baƙi ƙirin, ido kaɗai ke haske, ya jawo bakin tanki ya ɗora a kan jirgi. Kafin jirgi ya ƙoshi da ruwa an yi cinikin da ya fi na kasuwar mako. A taragun baya kuwa ga buhunan kuza a jere, 'yan ƙanana, yaro zai ga kamar ya sure ɗaya ya ruga, amma ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ba a sauke ko ɗaya a garin. Wucewa suke yi zuwa Zariya, inda leburori ke kwashe su daga ƙaramin jirgi zuwa babba, tunda dogon biyu ba faɗinsu ɗaya ba.

Dagacin garin ya ga kuɗi na yawo a ƙofarsa, sai ya tara manya suka yanka haraji. Kowane faranti anini, kowane jaki mai kaya kwabo, baƙon da ya kafa rumfa kuwa sai abin da aka ga dama. Aka naɗa Sarkin Tasha mai karɓa, aka samu dillali mai shiga tsakanin fatake da akawu. Kuɗin ana tara su a wata jakar fata, ƙarshen wata a zazzage a zauren Dagaci a raba. Shi ake kira kuɗin tasha.

Ranar rabo ba ta wucewa sai an yi tashin jijiyar wuya. Mai unguwar gabas ya ce rijiya da tanki a ƙasarsa suke, don haka kasonsa ya fi. Mai unguwar yamma ya ce mutanensa sun fi yawa, a ƙirga kawuna. Sarkin Tasha ya ce shi ke shan rana. Shekara da shekaru ana wannan gardama, an ƙware a kanta ƙwarai, har akwai dattijon da ba a san shi da wata sana'a ba sai iya jayayya ranar rabo. A duk zaman da aka yi, ba a taɓa jin wani ya tambayi abin da ke kawo jirgin ba, balle abin da zai iya hana shi zuwa.

Kafin tasha garin yana da marina, yana da masaƙa, yana noman auduga da dawa, fadamarsa na ba da rake. Da kuɗin tasha ya zauna, sai sannu a hankali karofi ya fara cikewa da shara. Ɗan marini ya ga abin da zai samu a dako na yini ɗaya ya fi na mako guda hannunsa cikin baba. Babu mai ganin laifinsa. Laifin yana wurin waɗanda jakar fata ke hannunsu, waɗanda ya kamata su hango masa abin da shi bai hango ba.

Mutum ɗaya ya hango, shi ma ba ya cikin masu zama a zaure. Heluman leburorin dogo ne, mai bin layi kowace asuba da doguwar guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, inda kusa ta saki ya ɗaure, inda ruwa ya ci ƙasa ya sa a cike. Irin wannan mutum ko da idonsa a rufe ya san jirgi mai nauyi da marar nauyi, daga yadda dogo ke amsawa. A 1927 aka haɗa Jos da babban dogon gabas ta Kafancan, wanda ke gangarawa har Fatakwal a bakin teku. Daga nan kuza ta samu hanyar da ba sai an sauke an sake lodi a Zariya ba. Ba a ɗau lokaci ba Heluma ya ji dogonsa ya canza murya.

Ya wanke hannu ya sa rigarsa ta Juma'a, ya je zaure ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, magana ce ke tafe da ni, in an yi mini izini."

"Faɗi, Heluma."

"Kuza ta sake hanya. Taragun da ke wucewa shaƙe yanzu rabinsu wofi suke dawowa. Jirgin nan don ita aka yi shi, ranar da masu shi suka yi lissafi za su ga ba ya biyan kwal ɗinsa. Ba yau ba, watakila ba baɗi ba, amma tana nan tafe. Ina roƙon arziki, a riƙa cire wani abu daga kuɗin tasha a ajiye. A tare ruwan fadama don a yi noman rani. A share hanya daga nan zuwa inda ake awon auduga. A ba ni yara ko biyar ne in kai su wurin makanikan Zariya su koyi aikin ƙarfe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ranka ya daɗe."

Zaure ya yi tsit na ɗan lokaci. Sarkin Tasha ne ya fara magana.

"Heluma, kai da guduma aka san ka. Bature ya taɓa shimfiɗa ƙarfe ya naɗe? Dogon nan jikokinmu za su gan shi."

Mai unguwar gabas ya ce in za a cire wani abu, a fara da kason yamma. Mai unguwar yamma ya miƙe tsaye. Kafin a ankara an koma tsohuwar gardama, an manta da mai guduma a tsugune. Dagaci ba mugun mutum ba ne, kuma a ransa ya san akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma in ya taɓa jakar sai ya ɓata da mutum shida masu ƙarfi, in ya ƙyale ta ba wanda zai ɓata da shi sai waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ya sa aka ba Heluma goro biyu, ya ce za a duba.

Ni a wurina nan ne tashar ta mutu, ko da yake jirgi ya ci gaba da tsayawa a cikinta har shekara talatin bayan haka. Shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Ta isa a haifi yaro ya girma ya yi sana'a ya yi aure ya haihu. Ta isa a dasa mangwaro a ci 'ya'yansa har a gaji. Ba kowane gari Allah ke yi wa irin wannan dogon jinkiri ba.

Da aka shiga shekarun 1930 kasuwar duniya ta faɗi, farashin kuza da na auduga suka zube, aka rage ma'aikata a wuraren haƙa, fasinja ya yi ƙaranci. Jakar fata ta fara zuwa zaure a saɓule. Manya ba su rage cefanen gidajensu ba. Suka mai da harajin faranti daga anini zuwa ɗari, suka ƙirƙiro kuɗin tsayawa a inuwar sito, har da kuɗin ɗiban ruwa a rijiyar da ba su suka haƙa ba. Matan ƙauyukan kewaye suka daina zuwa. Da abin bai isa ba, dillali ya kai su wurin wani mai kanti suka ci bashi a kan kason watan gobe, watan gobe ya zo suka ci a kan na jibi.

Sai yaƙin Hitila ya zo. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta sa dokar aikin tilas, aka riƙa ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza, har zuwa 1944. Tasha ta sake cika, ga hatsi ana kai wa ma'aikata, ga mutane ana lodawa. Jaka ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Sarkin Tasha ya gamu da Heluma a bakin sito, ya ce, "Malam mai duba, ina jirgin da ka ce zai mutu?" Heluma bai tanka ba, yana kallon wani tarago da aka cika da samari, kowa da 'yar tabarmarsa a naɗe, babu mai bargo. Sunayen samarin garin a zauren Dagaci aka rubuta su, kuma babu ɗan mai kaso ko ɗaya a ciki. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da ciwon ƙirji suka ci waɗanda suka ci. Akwai uwar da ta shekara tana fitowa duk ranar jirgi, ba da faranti ba, tana bin taragu ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Wannan ita ce albarkar da manya suka yi murnar dawowarta, kuma ko daga cikinta ba a ajiye anini ba.

Ban wanke Bature ba. Ya zo ya kwashi abin da ya kawo shi, ya yi da guminmu, wani lokaci da rayukanmu, da ya ƙoshi ya tafi. Amma shi bai taɓa cewa shi ɗan garin ba ne. Masu jakar fata kuwa a garin aka binne cibiyarsu.

Bayan yaƙi manyan motoci suka yawaita. Hanyar mota daga Zariya zuwa Jos ta kama aiki, kuma ba ta bi ta garin ba, ta ratsa can nesa da shi. Mota ba ta jiran ranar jirgi, tana kai kaya har ƙofar mai shi. A 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, wadda dole ta dubi riba da hasara. Lissafin da Heluma ya faɗa aka yi. A 1957 aka rufe layin.

Ranar da leburori suka zo cire dogo, Heluma ya tsufa, amma shi ya nuna musu inda za su fara, don ba wanda ya san kusoshin kamarsa. Aka kwance ƙarfe aka loda aka tafi da shi. Aka bar ofis da sito da tanki da rijiya, tunda su ba a iya naɗe su.

Heluma ya sake komawa zaure, wannan karon da sanda. Tsohon Dagaci ya rasu, ɗansa ke kai.

"Ranka ya daɗe, abin da ya wuce ya wuce. Ga gini nan mai kyau an bar mana. A roƙi En'e ta sa mana ɗakin shan magani a ofis, a zuba yara a sito su yi karatu. Rijiyar kuwa a sa mai gadi, a riƙa yashe ta duk shekara. Ita kaɗai ma ta isa gado."

Kowa ya ce madalla, Baba ya yi magana. Aka yi fatiha aka watse.

Ba a yi wata biyu ba sikeli ya koma gidan dillali, wai ajiya, kada ɓarayi su ɗauka. Ƙofar ofis da tagoginta suka koma gidan Sarkin Tasha, su ma ajiya. Kwanon sito da dare aka cire shi. Maƙwabta suna kwance suna jin kukan ƙusa ana zare ta daga katako, ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada a ji, kuma kowa ya ji, kowa ya san gidan da za a wayi gari an yi wa sabon rufi. Ba wanda ya fito. Da mai unguwar yamma ya ga gabas ta samu, sai ya aika aka sassare ƙafafun tanki. Daga ƙarshe aka zo kan rijiya. Aka ɗauke marfin, aka ɓamɓare duwatsun bakinta aka yi harsashin katanga. Damina biyu ta yi a haka, a ta uku ta rufta. Duk wanda aka yi wa magana amsarsa ɗaya: kayan gwamnati ne, in ban ɗauka ba wani zai ɗauka. Heluma ya rasu a shekarar da rijiyar ta rufta, ruwan wankansa daga rafi aka ɗebo.

Jirgin da ya je garin Bauchi na gaskiya sai a 1961 ya isa, ta Kuru, a kan babban dogo. Kan ƙaramin jirgin da taragunsa suna ajiye a gidan tarihi na Jos, yaran makaranta na zuwa kallo. Garuruwan bakin kwalta suka tashi; Saminaka ta zama kasuwar masarar da ake zuwa daga nesa da manyan motoci. Garinmu kuwa masararsa a bayan babur ake fitar da ita buhu-buhu zuwa titi, in damina ta yi ƙarfi ko babur ɗin ba ya shiga. Fadamar da Heluma ya ce a tare tana nan tana zubar da ruwanta a banza duk shekara. Da an gama girbi samari sai su watse, wasu acaɓa a Kaduna, wasu dako a Abuja, wasu ba a san inda suke ba.

Jikokin masu jakar fata ba su talauce ba. Sun yi karatu a birni da kuɗin da aka ci bashi, sun samu kujeru. Yanzu ma akwai wani abu da ke zo musu duk ƙarshen wata daga wuri mai nisa, abin da ba su shuka ba, ba su haƙa ba, kuma har yau ba su daina gardamar ko da ƙasa za a raba ko da kawuna ba. Masu bin layi da guduma sun daɗe suna cewa wannan dogon ma ya fara canza murya.

Da aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, labari ya cika rediyo, sai jikokin nan suka kira taron 'yan asalin gari a rubuta wa gwamnati takarda a dawo musu da jirgi. Motoci suka cika ƙofar fada, wasu sai da aka turo su daga cikin laka. Aka yi jawabai a kan yadda aka mai da garin saniyar ware, garin da yake da tasha tun kafin a haifi Nijeriya ta yanzu. Ana cikin haka wata tsohuwa ta ratso mutane da sandarta. 'Yar autar Heluma ce, ta haura tamanin. Ta durƙusa da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara, tsohuwa ba ta da wurin zama a nan."

"Haba Iya, faɗi abin da ke tafe da ke."

"Ni na ga jirgin nan da idona. Na sayar da fura a tagarsa, na biya ɗari a hannun Sarkin Tasha. Ban zo neman jirgi ba. Jikokina mata tun asuba suke tafiya rafi, shi ya sa ba sa zuwa makaranta. Rijiyar tasha nake roƙo a tone. Ba sai an je Abuja ba, ruwan yana nan a ƙasa. Duwatsunta ma ba su ɓata ba, suna gindin katangar gidan nan ta gabas. Marfin yana gidan Sarkin Tasha, a kansa ake shanyar barkono. In an ba da izini, samarin da suka rage za su yi aikin, siminti kawai za a saya musu."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka shiga latsa waya. Magatakarda ya ɗaga alƙalami ya dubi shugaban taro, ko ya rubuta. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce Iya ta yi magana ta manya, Allah ya ƙara girma, ya sa hannu a aljihu ya ba wani yaro kuɗin goro ya miƙa mata, ya ce a raka ta gida.

Aka rubuta takardar neman tasha, shafi uku, kowa ya sa hannu. Maganar rijiya aka ce a dakata da ita tukuna, sai an ga abin da ƙarshen wata zai kawo.